Karen Ɗaki a Garin da Kare Ba Ya Shiga Ɗaki

'Yan shekarun nan wata sabuwar sha'awa ta shiga zukatan yaranmu. Suna gani a TikTok da Instagram, wasu 'yan mitsi-mitsin karnuka farare sol, gashi har ƙasa, an ɗaure musu ƙyalle a ka, suna kwance a kan kujerar falo ko a cinyar mai su. A Kano da Jos da Abuja an daɗe da sabawa da su. Yanzu sun fara ɓullowa a Birnin Kudu, galibi a hannun ma'aikatan da aiki ya kawo daga wasu jihohi, da 'yan bautar ƙasa, da 'ya'yan masu hali da suka yi karatu a birni. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin rugage tsakanin Gwaram da Sara da Basirka ina yi wa shanu da awaki allura, yau sai a tare ni a hanya a miƙo mini waya: "Baba, ina zan sami irin wannan? Me ake ba shi?"

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu wannan tambayar bai kamata su ɗauki karen nan ba, kuma tausayinsa ne ya sa nake faɗin haka. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana zaɓen irinsa don ya zauna a ɗaki ɗaya da mutum. Mu kuwa a gidajenmu kare iyakarsa zaure ko bayan gida. Wanda bai warware wannan ba tun kafin ya biya kuɗi, to wahala ya sayo wa dabbar da ba ta da bakin yin ƙorafi.

A ƙasar nan duk ƙaramin kare mai gashi ana ce masa Lhasa ko Eskimo, ko da kuwa gauraye ne. Lhasa Apso na asali daga Tibet ya fito, inda birnin Lhasa yake zaune a tudun da ya haura mita 3,600 sama da teku. A cikin gidaje da ɗakunan ibadar mabiya Buda ake ajiye shi, aikinsa ya yi haushi in baƙo ya shigo, kuma gashin nan kariya ce daga sanyin da mu ba mu taɓa jin irinsa ba. Pomeranian ya samo suna daga wani yanki da ke tsakanin Jamus da Poland. Da can ya fi haka girma, sai da Sarauniya Victoria ta Ingila ta dawo da wani ƙarami daga Italiya a 1888 masu kiwo suka dinga ƙanƙanta shi. Shih Tzu ɗan fadar sarakunan Sin ne. Maltese da Yorkshire Terrier nauyinsu bai cika wuce kilo 3 da 'yan kai ba. A yau a cikinsu babu wanda ake kiwo don ya nemi abin kai wa baka da kansa, ko ya kwana a waje, ko ya tare wa kansa faɗa. Komai nasa yana hannun mai shi, kuma yana iya kaiwa shekara 12 zuwa 15 a duniya.

Duk wanda ya yi bazara a nan ya san yadda Afrilu da Mayu suke. Zafi ya haura digiri 40, duwatsun Birnin Kudu su sha rana wuni guda su kwana suna fitar da hucinta, ɗakin kwano ya gagari zama tun hantsi. Kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 kuwa kayan cikinsa sun fara lalacewa, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. Masu gajeren hanci irin Shih Tzu sun fi shiga haɗari, don hanyar numfashinsu a matse take, hakin ma bai wadatar da su ba. In ka ga harshe ya zazzago ya yi ja wur, yawu yana dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwan randa, a yi masa fifita, a nemi likita. A bidiyon da yaran suke gani, karen yana ɗaki mai na'urar sanyi da wutar da ba ta yankewa. A Gwaram kuwa wanda ba shi da sola ya san sau nawa fankarsa take juyawa a mako.

Zaman ɗakin nan ne ya kawo mu ga maganar da masu sha'awar ba sa son a taɓo, wato ta addini. Ba na ba da fatawa, amma abin da muka karanta a zaure sananne ne. A mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Shafi'awa sun saɓa a kan wannan. Amma tsarki daban, ajiyewa daban. Hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim sun nuna wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, sannan mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Hausa, ita ma a kan waɗannan dalilai ta tsaya. Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana fargabar maƙiya, abin da malamai da yawa suka kafa hujja da shi wajen halatta karen gadi. Wani yaro ya taɓa ce mini ai Lhasa ma mai gadi ne tunda yana haushi. Na ce masa ya je ya tambayi malaminsa, amma ko an yarje masa, a waje za a ce ya ajiye shi, kuma tsakar gida a watan Mayu ba wurin zaman wannan dabba ba ne.

Addinin da ya taƙaita ajiye kare shi ne kuma ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Ba a tilasta wa kowa ya ɗauka ba. Wanda ya ɗauka kuwa amana ta hau kansa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai ɗaukar rabin hukunci: ya kawo kare gida don sha'awa, ya manta da hani, sannan da za a ce ya shigar da shi inuwa sai ya tuna da najasa.

Wata rana da kaka, an fara yankan gero, wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha shida ba ta zo ƙofar gidana a bayan babur ɗin yayanta, rungume da kwalin taliya. Wata 'yar bautar ƙasa ce da ta koyar a makarantarsu ta bar mata karen da za ta koma gida. Da na buɗe kwalin, wari ne ya fara tarye ni. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule ya zama kamar tsohuwar tabarmar kaba, ƙarangiya da ƙashin yawo sun saƙe a ciki tun daga ƙirji har wutsiya. Yatsana ya kasa ratsawa ya taɓa fata. Na sa mataji a ƙarƙashin kowane dunƙule don kada almakashi ya yanke shi, na dinga yanka kaɗan-kaɗan. A bayan kunne fata ta ruɓe, tsutsa tana motsi. A cikin kunnuwa da tsakanin yatsun ƙafa kaska ce jere, wasu sun ƙoshi sun yi ɓul-ɓul. Na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat, jini ya ƙare. Da gashin ya zube ƙasa sai ga haƙarƙari a fili, ana ƙirgawa.

Yarinyar tana hawaye ta ce, "Baba, wallahi kullum ina ba shi tuwo da miya."

Na ce, "Na yarda, 'yata. A ina yake kwana?"

"A bayan madafa. Inna ta ce ba zai shigo mata ɗaki ba."

Innar ba ta yi laifi ba, gidanta ne, kuma ba a shawarce ta ba kafin a kawo. Yarinyar ma ba muguwa ba ce, abin da ta sani ta yi. Karen ya tashi bayan jinya, daga baya aka ba wani iyali da suke da wurin ajiye shi. Ba duka ne ke samun wannan sa'ar ba.

Gashin nan da ya ja hankali shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Kullum sai an taje shi har zuwa fata. In an bar shi kwana kaɗan ya fara ɗaurewa a hammata da bayan kunne da cinya, kuma in ya ɗaure wanka ƙara tamke shi yake yi. Da hunturu ƙura ta cika masa ido ya dinga zubar da hawaye, gashin fuska ya rine. Da damina ga kaska, wadda ke sa masa cututtukan da ke cinye jini, ga kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a rairayin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna a ciki ta yi ƙurji. A kare mai gajeren gashi da wuri ake ganin waɗannan. A mai dogon gashi sai abu ya yi nisa. Shawarar da nake ba duk mai Lhasa ko Maltese ko Shih Tzu a yankinmu ita ce ya haƙura da gashin hoto, ya dinga rage shi ya bar kamar tsawon gaɓar yatsa. Kada a yi masa ƙwal-kwabo, rana za ta ƙone fatar. Pomeranian kuwa gashinsa hawa biyu ne, in aka aske shi ƙasa-ƙasa wani lokaci ba ya dawowa daidai, shi tajewa ce maganinsa. Kuma babu wanzami ko mai shagon aski a garin nan da zai sa kilifarsa a jikin kare ya mayar kan mutum, don haka kayan aikin naka za ka saya, hannunka za ka sa.

Tuwo da miya yana riƙe karen gida don yana fita ya ƙara da abin da ya samu. Karen ɗaki kuwa ba ya fita. Miyarmu tana da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, kuma a jikin da bai wuce kilo 3 ba kaɗan ma ya isa. Goro da cakulan da inabi duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madara tana sa da yawansu gudawa. Abin da ya dace da shi dafaffiyar shinkafa ce da nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, da ɗan kabewa ko karas, babu yaji babu ɗanɗano, ko kuma abincin buhu wanda sai an aika Kano. Ɗan kwikwiyo sau uku zuwa huɗu yake ci a rana, don in ya daɗe da yunwa sukarin jininsa faɗuwa yake yi, ya kama makyarkyata ya sume. In haka ta faru a shafa masa zuma a dasashi kafin a kai shi wurin likita. A gidan da ake lissafin cefane kafin a sa nama a miya, sai mutum ya tambayi kansa ko zai iya kallon idon ƙannensa yana dafa wa kare ƙwai.

Inda na fi jin tsoro shi ne magani, don nan ne fannina. Masu sayar da maganin dabbobi a kasuwanninmu da shanu da tumaki suka saba. Allurar ivermectin da ake yi wa shanu, mili 1 ne ga kowane kilo 50. Wanda hannunsa ya saba da wannan awo in ya zuƙo wa karen kilo 3 "ɗan kaɗan" da ido, ya riga ya ninka abin da ya kamata sau da yawa. Na ga wanda aka fesa wa fiya-fiya don kashe kaska, yana ta dalalar da yawu yana karkarwa har ya mutu. Na ga wanda aka shafe da baƙin mai wai maganin ƙazuwa. Farasitamol da ibuprofen da muke sha ba tare da tunani ba suna iya kashe masa hanta ko ƙoda. Duk maganin da za a ba shi sai an ɗora shi a sikeli tukuna, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi awo.

Rigakafi kuwa ba a wasa da shi. Cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe da yawa daga cikin 'yan kwikwiyon da ake kawowa daga birni, kuma ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Ana fara allurar da ta haɗa parvo da distemper da sauransu yana mako 6 zuwa 8, a dinga maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kafin a kammala, kada ya taka inda wasu karnuka ke yawo. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har ta shiga jiki. Wadda ta kwana a aljihun direba daga Kano ta zama ruwa. Katin da mai sayarwa zai miƙo maka, in babu tambarin kwalba manne da sa hannun likitan da za a iya kira a waya, ka ɗauka ba a yi komai ba.

Allurar haukan kare ita ce wadda ta shafi unguwa baki ɗaya. Ana yin ta yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙanƙantar kare ba ta rage komai daga wannan. Hasali ma shi ne yara ke ɗauka su kai kusa da fuska. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙushe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko babban asibitin da ya fi kusa, a nemi allura. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko ɗaura gashin karen a kan ciwon. Da zarar alamun cutar sun bayyana babu sauran magani.

Ƙashin ƙaramin karen nan siriri ne. Faɗowa daga hannun yaro ko daga kan gado ta isa ta karya masa ƙafar gaba. Ƙoƙon gwiwar irinsu yana yawan gocewa, haƙoransu suna saurin ruɓewa, maƙogwaronsu ba ya jure igiya a wuya, sai ɗamarar ƙirji. A titi kuwa yaranmu sun tashi da jifan kare, dutsen da karen gida zai kaɗe ya wuce shi kuma zai iya kwantar da shi. In mace ce, kusan sau biyu a shekara za ta nemi namiji, karnukan unguwa su yi dafifi a ƙofar gida. In babba ya hau ta, 'ya'yan kan fi ƙarfin ƙugunta, sai fiɗa, kuma fiɗar kare sai an dangana da manyan birane irin Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daga Gwaram da tsakar dare wannan tafiya ba ƙarama ba ce.

Sai a yi lissafin shekarun. Yarinyar da ta ɗauke shi tana aji biyar na sakandare za ta yi aure ko ta tafi jami'a shi bai ko kai rabin rayuwarsa ba. Gidan miji ba lalle a karɓe shi ba, ɗakin kwanan ɗalibai kuwa babu maganar. Kan uwa zai koma, wadda tun farko ba ta so. Irin waɗannan karnuka suna shaƙuwa da mutum ɗaya ƙwarai, in aka bar su su kaɗai su yi ta haushi da kuka, maƙwabta su fara kawo ƙara wurin mai unguwa.

Ban ce babu wanda zai iya ba. Na san iyalai a rukunin gidajen ma'aikata da suke riƙe da su lafiya lau shekara da shekaru. Wanda ya nace, ga abin da nake nema a wurinsa kafin in taimaka masa. Maigida da uwargida su yarda da bakinsu. In kare ba zai shiga ɗakin mutane ba, a ware masa nasa, ginin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano nesa ba kusa ba, da daɓen siminti da taga biyu da ruwa kullum, kuma a dinga zama da shi, ba a kulle shi a manta ba. A san likitan da za a kira tun kafin ciwo ya zo. Kada a karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, kada a tura kuɗi ga mai talla a intanet a jira a sako shi a but ɗin mota, a je a ga uwarsa da inda aka haife shi. Ni a ganina ma karɓar babba daga hannun wanda zai bar gari ya fi sayen jariri, don ya riga ya sha bazararmu ya tsira, an kuma san halinsa. Amma a zauna da mai shi kafin ya tafi, a karɓi katin allura, a ji abin da yake ci da inda ya saba kwana da ko ya taɓa cizo, a karɓi matajinsa da kwanonsa.

Wanda abokin zama kawai yake so, kyanwa tana nan, ba mai hana ta ɗaki. Wanda kuma yake da gona ko garke ko gidan da ke bakin gari, karenmu na gida ya fi masa: gajeren gashi, doguwar ƙafa, jikin da ya san zafin nan tun kaka da kakanni. Maharban Gwaram da Fulanin da ke kiwo a kan iyakarmu da Bauci sun san darajarsa. Kyauta ake bayar da kwikwiyonsa, shi ya sa aka raina shi, ba a yi masa allura, ba a ba shi maganin tsutsa. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar hauka, cutar takan daina yawo a cikinsu. Ina roƙon sashen kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su haɗa kai da dagatai da sarakunan maharba su sa rana, ko da 28 ga Satumba ce da duniya ta ware don wannan cuta, a fito da karnukan farauta da na gadi a yi musu allura unguwa-unguwa, a kuma rubuta sunan mai kowane kare.